Waya a Hannu, Amana a Wuyan Wa? Yadda Mutanen Yamai Ke Karɓar Labaran Fasahar Zamani

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda mazauna birnin Yamai ke karɓar labaran fasahar zamani, da irin martanin da suke mayarwa a kafafen sada zumunta, ta fuskoki uku: sirrin mutum, harkar fim, da na'urorin hannu. Ta dogara da dokokin da aka kafa a Nijar daga 2017 zuwa 2024, da al'amuran da suka faru a bainar jama'a, da ayyukan masanan da suka gabata, da kuma lura da rayuwar yau da kullum a kasuwa da fada. Abin da take son tabbatarwa shi ne, martanin jama'a, ko da tsoro ya zo ko da ɗoki, tambaya ɗaya yake ɗauke da ita: wa za a ba amana? Sai dai labarin yakan iso cikin harshen da ba nasu ba, ta bakin wanda bai gama fahimtarsa ba, har hankali ya tafi kan haɗarin da ke nesa, a bar ɓarakar da ke bakin ƙofa.

1.0 Gabatarwa



Akwai wata fahimta da ta zama ruwan dare tsakanin 'yan boko, cewa talaka ba ya gane fasaha, shi ya sa duk jita-jitar da ta zo yake hawa. Ina ganin wannan hukunci bai yi wa jama'armu adalci ba. Mutumin da ya ware kuɗin cefane ya sayi forfe na kwana ɗaya, ya san nawa kowane bidiyo zai ci masa, ya san unguwar da rezo ke da ƙarfi da wadda ba shi da shi, ya san layin da zai kira Maraɗi da shi da wanda zai kira Kano, ba a ce masa bai san fasaha ba. Abin da ya rasa shi ne sahihin bayani cikin harshensa, a lokacin da yake buƙatarsa.

Maƙalar za ta fara da shimfiɗa a kan yanayin sadarwa a Nijar, sannan ta bi hanyar da labari ke bi kafin ya iso kunnen ɗan Yamai. Daga nan ta ɗauki fuskokin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ta rufe da sakamako da shawarwari.

2.0 Shimfiɗa da Waiwayen Ayyukan Magabata

Kamfanoni huɗu ne suka raba kasuwar wayar salula a Nijar: Airtel, wanda a da aka sani da Celtel sannan Zain, Moov Africa, Zamani Telecom, wanda ya gaji Orange bayan cinikin da aka yi a 2019, da Niger Telecom na gwamnati, wanda aka samar a 2016 daga haɗewar Sonitel da SahelCom. Hukumar ARCEP ce ke sa musu ido. Ƙiyasin ƙungiyar sadarwa ta duniya a farkon shekarun 2020 ya nuna masu amfani da intanet a ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba, kuma Yamai ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Manyan da suka iya karatu da rubutun boko ba su wuce kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya ba, sannan kusan rabin al'ummar ƙasar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15 ko 16. Waɗannan alƙaluma uku su ne ƙasar da duk wani labarin fasaha ke faɗowa a kai.

Masana sun riga sun share mana fage. Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta bi diddigin kasuwannin hatsi a Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shiga garuruwa, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina ɗaukar mota don jin farashin gero, kira ɗaya ya wadatar. Gado Alzouma, ɗan ƙasar nan, tun a 2005 ya ja kunne game da tunanin cewa kwamfuta da intanet kaɗai za su tsallakar da Afirka daga talauci, alhali ba a gyara makaranta da lantarki ba. Brian Larkin a littafinsa na 2008 ya nuna yadda rediyo da silima da kaset ɗin satar fasaha suka gina wata irin rayuwar birni a Kano. Adeline Masquelier kuwa a 2019 ta fitar da littafi sukutum a kan fada, inda samarin Nijar ke haɗuwa kan shayi suna jiran aikin da bai zo ba. Abin da wannan maƙala ke son ƙarawa shi ne haɗa waɗannan zaruruwa: me ke faruwa idan labarin wata sabuwar fasaha ya faɗo tsakiyar fada?

3.0 Hanyar da Labari Ke Bi

Labarin fasaha galibi a Amurka ko Sin ko Turai ake haifarsa, da Ingilishi. Ya biyo ta Faransanci, ko ta sassan Hausa na gidajen rediyon waje da kafafen Nijeriya, kafin wani ya taƙaita shi a vokal ɗin minti biyu ya tura a WhatsApp. A kowane zango ana zubar da wani abu, ana ƙara wani. Tun daga watan Agustan 2023 da aka dakatar da RFI da France 24, da kuma Disamban 2024 da aka dakatar da BBC na wata uku, nauyin da ke kan vokal ya daɗa ƙaruwa.

Duk wanda ya taɓa zama a wata fada a Bukoki ko Talladje bayan isha ya san yadda abin yake. Buta na kan gawayi, ana jiran shayi na biyu, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Ku saurara, yayana ne ya turo daga Legas." Ya ajiye wayar a kan benci, ya ƙure murya. Mai magana ya fara da salati, ya rantse, ya ce daga gobe kamfani kaza zai riƙa karanta saƙon kowa, don haka a tura wa duk wanda ake ƙauna. Kafin a zuba shayin, mutum uku sun tura. Wani ɗalibin jami'a a gefe ya ce shi bai yarda ba. Amsar da zai samu ita ce, "Kai ɗan lakwal, kana nufin yayana maƙaryaci ne?" A nan gardamar ta tashi daga kan fasaha ta koma kan mutuncin wanda ya turo.

Wannan shi ne jigon al'amarin. A al'adarmu ana auna magana da mai ita. Tsarin ya yi aiki shekaru aru-aru, lokacin da mai kawo labari fatake ne da ya gani da idonsa. Yanzu kuwa yayan da ke Legas shi ma turo masa aka yi. Kamfanin WhatsApp ya yi ƙoƙarin rage gudun jita-jita: a 2018 ya sa alamar da ke nuna saƙo turowa aka yi, a Janairun 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 ya mayar da saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya. Amma alamar rubutu ce, ga wanda ke karatu. Kuma murya ba ta da kanun da za a kwafa a bincika. Haka jita-jitar da ta danganta 5G da cutar korona ta karaɗe yankinmu a 2020, har a ƙasashen da ko turken 5G ɗaya ba a kafa ba a lokacin.

4.0 Sirri: Haɗarin Nesa da Ɓarakar Kusa

A farkon Janairun 2021 WhatsApp ya sanar da sababbin sharuɗɗa, ya ba da wa'adin 8 ga Fabrairu. Duniya ta ɗauka. Miliyoyin mutane suka sauke Signal da Telegram, har kamfanin ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. Gaskiyar magana, sauyin ya fi shafar hulɗa da 'yan kasuwa da musayar bayanai da Facebook, saƙonni tsakanin mutum da mutum kuwa suna nan a kulle kamar yadda suke tun 2016. Duk da haka tsoron bai taso a banza ba. A 2018 an bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook, an kuma ba da rahoton hannunsa a zaɓen Nijeriya na 2015. Mai jin tsoron kamfanonin nan yana da hujja.

To amma mu dubi abin da ya biyo baya a gida. An yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 21 ga Fabrairun 2021. Bayan sanar da sakamako rikici ya ɓarke a Yamai, daga 24 ga wata aka katse intanet ɗin wayoyin hannu na kimanin kwana goma. Mai WhatsApp da mai Signal da mai Telegram duk suka zama ɗaya. Mai sayar da atamfa ta hoto, da ɗalibin da ke karɓar darasi a waya, da mai jiran saƙon ɗansa daga ƙetare, kowa ya ji a jikinsa. Wannan ya nuna cewa makunnin sadarwar ɗan Yamai yana Yamai.

Ta fuskar doka, Nijar ba ta zauna ba. Doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayun 2017 ita ce ta fara tanadin kare bayanan mutum, ta kuma haifar da hukumar kare bayanai ta HAPDP, wadda ta fara aiki a 2020. An sabunta tsarin da doka mai lamba 2022-59 ta Disamban 2022. Tushen waɗannan yana cikin ƙa'idar CEDEAO ta 2010 da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta 2014. A ɗaya ɓangaren akwai doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 kan laifuffukan intanet, da dokar da majalisa ta amince da ita a ƙarshen Mayun 2020 wadda ta halatta sauraron wasu hanyoyin sadarwa saboda tsaro. Da dokar 2019 aka tsare 'yar jarida Samira Sabou daga Yuni zuwa ƙarshen Yulin 2020, kan wani rubutu a Facebook da ya shafi binciken kuɗin sayen kayan soja. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, a Yunin 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Ƙasar da ke fama da 'yan ta'adda a iyakokinta tana da buƙatar tsaro, babu mai musun wannan. Abin damuwa shi ne jama'a sun fi sanin dokar da ke hukunta su fiye da wadda ke kare su. A fada za ka ji ana cewa "a yi hattara da siber", amma da wuya ka ji wanda ya san yana da haƙƙin tambayar wani kamfani ko asibiti ko makaranta abin da suka ajiye a kansa, da haƙƙin neman a gyara ko a goge.

Bayan kamfanonin waje da hukumomin gida, saura mataki na uku, wanda na fi son mu daɗe a kansa, domin shi ne ya fi cin mutane kuma shi aka fi yin shiru a kai. Mu je rumfar masu gyaran waya a Katako ko gefen Babbar Kasuwa. Tebur ne cike da matattun wayoyi, da fitila, da ƙarfen narka dalma. Wata baiwar Allah ta miƙo waya mai fasasshen gilashi. Mai gyara, yaro ne sa'an ƙanenta, ya ce, "Hajiya, sai kin ba ni kod ɗin, in na canza gilashi in gwada." Ta zana masa da yatsa a tafin hannu, ta ce za ta shiga kasuwa ta dawo bayan la'asar. A cikin wayar nan akwai hotunan bikin 'yarta, da vokal tsakaninta da maigida, da takardar likita, da manhajar tura kuɗi. Ta bar su duka awa uku a hannun wanda ko sunansa ba ta sani ba. Mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne, masu tsoron Allah, da guminsu suke ci. Amma babu wata ƙa'ida a rubuce ko a baki da ta ɗaure wanda ba na kirkin ba.

Irin wannan ɓaraka tana da yawa: wayar da gida guda ke amfani da ita, wanda bai iya karatu ba da ke miƙa wa maƙwabci ya karanta masa saƙo, layin da mai sayarwa a bakin titi ya yi wa rajista da katin wani, duk da cewa tun 2013 aka rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar saboda rashin rajista, kwafin katin ɗan ƙasa da ke zube a shagon fotokofi, saurayin da aka rabu da shi yana riƙe da hoton da aka tura masa lokacin ana ɗasawa. Helen Nissenbaum, a littafinta na 2010, ta bayyana cewa kowane bayani yana tafe da ƙa'idar wurin da aka faɗe shi, cuta kuma tana faruwa ne idan aka ɗauke shi aka kai inda ba nasa ba. Bahaushe da Bazabarme sun daɗe da sanin haka: maganar ɗaki ba ta fitowa zaure. Waya ta haɗa ɗaki da zaure da kasuwa a aljihu ɗaya, kuma magana zarar bunu ce. Wanda ya fi shan wahalar wannan ita ce 'ya mace, domin hoto ɗaya kan iya raba ta da aure, da makaranta, da unguwarsu.

5.0 Fim: Wa Ke Ba da Labarinmu?

Matashin Yamai da ke kallon fim a waya sau da yawa bai san birninsa na cikin wuraren da silimar Afirka ta fara tsayawa da ƙafafunta ba. Moustapha Alassane ya yi Aouré a 1962, ya shiga sahun farko na masu fim ɗin zane a Afirka da La Mort de Gandji, sannan a 1966 ya fitar da Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hargitsa ƙauye. Shekara kusan sittin ke nan, amma batunsa shi ne namu na yau: me kayan waje ke yi wa tarbiyyar gida? Oumarou Ganda, wanda ya fara fitowa a Moi, un noir na Jean Rouch, ya kai Cabascabo bikin Cannes a 1969, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Zalika Souley ta sha tsangwama saboda fitowa a fim, kamar yadda Rahmatou Keïta ta nuna a Al'lèèssi. Yau sunan Ganda yana kan cibiyar al'adu ta CCOG, tsohuwar cibiyar Faransa da Nijar kuma an sa mata sunan Moustapha Alassane a 2024.

Gidajen silima irin su Vox sun mutu da zuwan bidiyo. A 2017 aka buɗe CanalOlympia mai kujeru 300 a Hippodrome, amma ainihin silimar ɗan Yamai tana tafin hannunsa. Fina-finan Kano, da suka faro da Turmin Danya a 1990, sun bi kaset, suka bi faifan CD, suka bi katin memwar, yanzu sun koma shiri mai dogon zango a YouTube da Arewa24, irin su Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa. Tsakanin mai shiryawa da mai kallo akwai wani ɗan kasuwa da ba a cika nazarinsa ba: mai turi. Yana zaune da kwamfuta a bakin hanya, ya sauke sau ɗaya da nasa intanet, ya tura wa ɗaruruwa a kan 'yan daloli. Mai fim yana kiransa ɓarawon zaune. Mai kallo yana ganinsa mai taimako, tunda forfe ba zai ɗauki awa guda na bidiyo ba. Dukansu suna da gaskiya, kuma duk labarin da za a kawo na sabuwar manhajar kallo da kuɗin wata sai ya ci karo da wannan lissafi.

Wannan hanya ta bayan fage ta taɓa fitar da ɗan ƙasa duniya. Waƙoƙin Mdou Moctar sun yi yawo a Sahara ta bulutut da katin memwar kafin Christopher Kirkley ya tattara irinsu a faifan da Sahel Sounds ya fitar a 2011, daga baya a 2015 aka yi fim da shi a Agadas cikin harshen Tamashek. Ita kuma Aïcha Macky ta Damagaram, da L'Arbre sans fruit na 2016 da Zinder na 2021, ta nuna cewa ƙaramar kyamara a hannun 'yar gida tana shiga inda baƙo ba zai shiga ba. Abin takaici, irin waɗannan ayyuka sun fi samun masu kallo a bukukuwan Turai fiye da Harobanda ko Yantala.

Martanin jama'a a kan fim ya fi karkata ga tarbiyya: shigar wance, rawar wane. A nan ne fim da sirri da na'ura suka haɗu a wuri ɗaya. A 2007 wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya, na wata 'yar fim a Kano, ya fita ya bazu ta bulutut. Na bar sunanta da gangan. Hukumomin Kano suka dakatar da shirya fina-finai na tsawon watanni, aka tsananta tacewa, mutane da dama suka rasa abin yi. Fushin jama'a ya sauka a kan wadda aka tona wa asiri da sana'arta baki ɗaya. Dubban hannayen da suka tura kuwa ba wanda ya tuhume su. Har yau, a TikTok da Facebook, salon bai canza ba, alhali addinin da muke kafa hujja da shi ya hana bin diddigin aibin mutane, ya yi umarni da suturta su.

6.0 Na'urori: Ma'aunin Mai Saye

Idan Apple ko Samsung suka fitar da sabuwar waya, hotunanta kan zagaya, a yi ta sha'awa, a lissafa kuɗinta da buhunan shinkafa. Amma a wurin saye tambayoyin daban ne: layi nawa take ɗauka? Batirinta na kwana? In ta faɗi akwai gilashinta a kasuwa? Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne saboda ya amsa waɗannan tambayoyi, ya kuma gyara kyamara ta fitar da baƙar fata da kyau. Hikimar mai saye ta fito fili a 2023: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke lantarkin da ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar, ba a maido ba sai a Maris ɗin 2024. A watannin nan batir mai ƙarko da ɗan faifan sola sun fi kowace kyamara daraja.

Sai dai akwai abin da ido ba ya gani a rumfa. A 2020 masu binciken Secure-D suka ba da rahoton cewa dubban wayoyi samfurin Tecno W2 da aka sayar a wasu ƙasashen Afirka sun zo da muguwar manhaja a ciki, mai cinye kuɗin intanet da yi wa mutum rajistar abin da bai nema ba. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, ya kuma fitar da gyara. Wannan labari ya shafi aljihun talaka kai tsaye, amma bai samu ko kusa da yaɗuwar da jita-jitar 5G ta samu a shekarar ba.

Haka zuwan kamfanin intanet na Starlink, wanda ya ƙulla yarjejeniya da gwamnati a Oktoban 2024 ya fara aiki a 2025. An yi murna, kuma da dalili, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. Amma tambayoyin amana suna nan: a hannun wa bayanan ke bi, wa ke iya kashewa, ƙauyen da ba shi da wuta zai amfana? Sannan ina ɗokinmu yake idan fasahar ta gida ce? Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar ban ruwan gona ta kiran waya, har ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Jami'armu tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a binciken hasken rana tun duniya ba ta waye da shi ba. Matasa nawa ne suka taɓa samun vokal a kan waɗannan mutane biyu?

7.0 Sakamako

Abubuwa uku suka fito daga wannan nazari. Na farko, martanin jama'a yana bin amana ne: ana gaskata labari gwargwadon kusancin wanda ya kawo shi. Na biyu, girman martani bai dace da girman haɗari ba: labarin da ya zo da rantsuwa da wa'adi yana gudu, wanda ke buƙatar bayani yana rarrafe. Na uku, idan asiri ya tonu, zargi na sauka kan wanda aka cuta, musamman mace, ya tsallake wanda ya fitar da wanda ya yaɗa.

8.0 Shawarwari

Kundin sake gina ƙasa na Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi nauyi ne a kanmu. Ya kamata HAPDP, tare da sashen nazarin harsuna na jami'ar Abdou Moumouni, su fassara dokar kare bayanai zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, su naɗe ta da murya gajeru-gajeru, yadda za ta bi hanyar da jita-jita ke bi.

Gidajen rediyo, na gwamnati da masu zaman kansu da irin su Studio Kalangou, su ware fili na mako-mako inda za a saurari vokal ɗin da ke yawo, masani ya warware shi da harshen kasuwa, ba tare da raina wanda ya turo ba.

Masu gyaran waya da masu turi su kafa wa kansu ƙa'idar sana'a ta hannun shugabanninsu na kasuwa: a gwada waya a gaban mai ita, kada a buɗe hoto, wanda ya saɓa a hukunta shi a cikin 'yan'uwansa kafin a kai ga hukuma. Limamai da masu wa'azi su fito fili su faɗa cewa tura abin da ya tona asirin wani shiga cikin zunubin ne.

Cibiyoyin al'adu su nemi izinin fina-finan Ganda da Alassane da Djingarey Maïga da na matasan yau, a fassara su, a ƙanƙance su yadda waya mai araha za ta ɗauka, a shigar da masu turi cikin rabon da kuma ribar.

9.0 Kammalawa

Ɗan Yamai ya riga ya karɓi fasaha, ya kuma lanƙwasa ta daidai da aljihunsa da harshensa. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai tsaya tsakaninsa da labarin duniya ya gaya masa gaskiya da muryar da ya yarda da ita. Mu da muka yi karatu da dukiyar talakan ƙasar nan, mu ne ya kamata mu cike wannan gurbi. Ina kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri da su fita zuwa Katako da Wadata da fadojin unguwanni, su tattara vokal ɗin da ke yawo da izinin masu su, su bi asalinsu, su auna abin da ya ɓace a hanya, su kuma ji ta bakin matan da aka cuta ba tare da sake tona su ba. Da irin wannan bincike ne za mu iya zuwa gaban hukuma da kamfani da hujja a hannu, mu nemi a kare mutuncin mai waya kamar yadda ake karɓar kuɗinsa.